Wa Ya Kankare Sunan Mogue?

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ban taɓa rubuta labari ba, na wasu kawai na saba karantawa a bayan tulin ciyawa. Wannan na kawuna Festy Mulkerrin ne, ya ba ni shi yana ɗaura tarko, bai ko ɗago ya dube ni ba. Duk inda labarin ya karkace, ni ce.

Washegarin kasuwar dabbobi, Honor Lavelle ta shiga maƙabartar ƙauyenmu na Cloghmara da furanni a hannu, ta fito tana ihu. Kafin rana ta ɗaga rabin ƙauyen ya taru a gaban kabarin ƙanenta, wanda teku ta ci tun Thady ɗansa yana ƙarami. Dutsen kabarin na nan tsaye. Sunan gidan, Lavelle, na nan, addu'ar na nan. Sunan mamacin kansa ne aka bi da cizal, ƙarfen sassaƙa dutse, harafi bayan harafi, har inda aka rubuta Mogue ya koma farin rami.

Ba wanda ya tsaya tambayar dalili. Kowa ya san Attracta matar Thady ta haifi namiji a makon nan, kuma ɗan fari sunan kakansa na wajen uba yake ɗauka. Kowa kuma ya ji abin da ta ce tun tana da ciki, a bakin rijiya.

"Cewa ta yi wai sunan kamar saniya ta ƙware," in ji Honor, tana share ido da bakin mayafi. "Sunan ƙanena! Ita tana kwance, amma ai tana da wa mai cizal."

Thady ya tsaya hula a hannu, fuskarsa ta yi fari kamar ramin da ke jikin dutsen.

"In da hannunta a ciki, Gwaggo, gidan ubanta za ta koma. Yaron kuwa ɗan Lavelle ne, a nan zai zauna."

Fada, limamin cocinmu, ya zo daga baya, ya duba, ya ce ranar Lahadi, ranar da za a yi wa jaririn baftisma, zai kira sunan mai laifin daga kan mumbari. Sai ya juya ya nemi Festy da ido.

Festy shi ne mai bin sawu a ƙauyen. Tunkiya ta ɓata a kan dutse, shi ake kira. Yanyawa ta shiga kaji, shi ake kira. Mutum ne marar yawan magana, kuma ba ya son a tsaya masa a baya.

"Ku fita duka," ya ce. "Kun riga kun tattake mini rabin aikin."

*

Da suka watse ya bi gefen katanga inda ƙafar jama'a ba ta kai ba. A can ya sami sawun. Takalmi ne babba na namiji, mai ƙusoshi a ƙasa, ƙusa ɗaya ta fita a dugadugin hagu. Ya shigo ta ƙaramar ƙofar baya, ya koma ta nan.

Ya sa ƙafarsa kusa da sawun, ya taka. Takun wancan gajere ne, kuma bai nutse a laka ba. Bakin takalmin yana jan ƙasa a kowane taki, kamar ƙafar da ke ciki ba ta cika shi ba.

A gaban kabarin akwai gurbin gwiwoyi biyu. Ɓarɓashin dutse ya watsu ko'ina a ciyawa, sai wuri ɗaya: daidai gindin dutsen, wani fili mai faɗin mayafi ya fita tas, ko ƙwaya babu. Ya daɗe yana kallon wurin. Ya ɗauka mai aikin ya shimfiɗa wani abu ne don ya ajiye kayan aikinsa. Ya tashi ya kaɗe wando.

*

Colman Gill, wan Attracta, yana zaune a kan kifaffen kwale-kwale a bakin ruwa. Idonsa ɗaya ya kumbura, hannun damansa a naɗe da tsumma.

"Ka zo kama ni, Festy? Zauna tukuna, kaina na juyawa."

"Ina ka wuni jiya?"

"A kasuwa, da duk wanda ke da ƙafa. Na sayar da maraƙi, na sha kuɗinsa, wani mutumin yankin Mayo ya ce maraƙin ya fi ni hankali."

"Sai ka buge shi."

"Sai na bugi ƙofar da ke bayansa. Dubi hannun." Ya ɗaga tsumman. "Da wannan zan riƙe guduma? Ko cokali sai da matata ta ba ni a baki, tana zagina tsakanin loma da loma."

Festy ya dubi takalminsa. Ƙusoshin duk suna nan.

"Ka ce a mashaya za ka hana a sa wa yaron sunan."

"Na ce. Na kuma ce zan yi iyo zuwa Amurka. Kai ma ka faɗi gaskiya, ka taɓa jin wani Mogue a duk yammacin ƙasar nan in ba a gidan Lavelle ba? Ko kare ba na kira da shi. Amma kabari, Festy? Uwata tana kwance taku kaɗan daga wurin."

Festy ya juya ya tafi. Ya riga ya san sawun ba na namiji ba ne.

*

A gidan Lavelle takalmin yana bayan ƙofa, tsohon na Thady ne, wanda duk mai zuwa garke ke zura ƙafa a ciki. Festy ya kifa na hagu da bakin sandarsa. Ƙusar ba ta nan. Jar lakar maƙabarta ta bushe a gefensa.

"Allah ya albarkaci gidan nan," ya ce.

"Ya albarkace ka," in ji Sabina, uwar Thady, daga gindin murhu. Tsohuwa ce siririya, baƙin kaya take sawa tun ranar da aka binne mijinta. Ta ɗora ruwan shayi ba tare da ta tambaye shi ba.

Attracta tana zaune a bakin gado a ɗakin ciki, ƙofa a buɗe, jaririn a cinyarta. Ba ta yi kuka ba, ko kuma ta gama.

"Ka zo ka auna ƙafata?" ta ce.

"Wa ke gida jiya?"

"Ni da Inna. Thady ya tafi kasuwa tun safe. Ni barci na yi, duk lokacin da wannan ya bar ni."

"Kin fita?"

"Ko garke ban iya kaiwa ba. Amma faɗa musu haka ka gani." Ta gyara wa yaron zani. "Na ce ba na son sunan, kuma ba na so. Ka taɓa ganin an kori mace don kunnenta ya ƙi wata kalma? Thady bai ko shigo ya tambaye ni ba. A gaban mutane ya yanke hukunci."

Festy ya juyo ga tsohuwar.

"Ke fa, Sabina, kin ga wani ya ɗauki takalmin nan?"

"Ina wajen kaji," ta ce. "Madara nawa kake so?"

Ya sha shayin a tsaye. Yana fita ya leƙa rumbun kaya. Cizal da guduma suna rataye a inda suka saba, an goge su. A hanya ya yi lissafin abin da ke hannunsa, bai ji daɗinsa ba. Takalmin gidan ne, ƙafar mace ce, kuma a gidan mace ɗaya ce aka ji ta zagi sunan. In ya kai wa Fada wannan kaɗai, Attracta ta tafi.

*

Tambayar Colman ce ta tsaya masa a rai. Daga ina sunan ya fito? Ya hau tudu wajen Bartley Faherty, wanda ya fi kowa tsufa a ƙauyen. Bartley ya makance, amma in ka ba shi sunan mutum zai kai ka har kakan kakansa, ya haɗa maka da wanda ya saci agwagwar wani a hanya.

"Festy ɗan Colm ɗan Festy," in ji tsohon tun daga jin taku. "Kana tafiya kamar kakanka, kamar wanda ke bin bashin ƙasa. Ka kawo taba?"

"Na kawo, Baba. Mogue nake nema."

"Ai an ce wani ya riga ka." Ya yi dariya har tari ya kama shi. "Ba sunan nan ba ne. Na Wexford ne, can ɗaya gefen ƙasar, sunan waliyyinsu. Wani Ulick Lavelle ya bi jirgin kifi can, ya dawo da mata maimakon kifi. Ɗansu na biyu ya ci sunan ubanta, yadda aka saba, na biyu na wajen uwa ne. Na farin ya tafi Amurka, gona ta faɗa hannun Mogue. Daga nan shi ke nan. Mogue ya haifi Ulick, Ulick ya haifi Mogue. Suna tsallake juna kamar yara a kan duwatsun rafi."

"Wane irin mutum ne na farkon?"

"An ce ko kwarkwata ba ya kashewa. Na biyun kuwa..." Ya cusa taba a lofe, ya ɗauki lokaci. "Allah ya ji ƙansa. Yana da murya a coci."

"A gida fa?"

"Ni makaho ne."

"Lokacin kana gani."

Bartley ya ja hayaƙi. "Ƙirga mini 'ya'yan Sabina maza."

"Ulick, yana Boston."

"Sunan kakansa na wajen uba. Sai?"

"Thady."

"Sunan uban Sabina. Na ukun fa, sunan wa yake ɗauka?"

"Na ubansa. Amma ba na uku."

"Kai kana aikin dankali a Scotland shekarar. An haife shi da kaka, bai ga Kirsimeti ba. In yaro ya mutu, wanda ya biyo baya shi ke tashin sunan, ka sani. To ba wanda ya biyo baya. Teku ta ɗauki uban da bazara. Mutane sun manta, don ba su so su tuna."

"Ina aka binne shi?"

"Ina kuwa? Wuri ɗaya suke da uban, nan aka buɗe aka sa uban daga baya."

Festy ya sauka daga tudun bai tsaya gaisawa da kowa ba. A maƙabarta ya durƙusa a gurbin gwiwoyin nan, ya sa hannu ya buɗe ciyawar gindin dutsen, a wurin da ba ɓarɓashi. Haruffa ne ƙanana, dab da ƙasa. Gansakuka ta rufe sauran dutsen har rabi, amma waɗannan haruffan an goge su da yatsa, kuma ba gogewar rana ɗaya ba ce.

*

Ranar Asabar da la'asar ya tara su a ɗakin girkin Lavelle. Honor ta kama kujerar da ta fi kusa da wuta. Colman ya jingina da ƙofa da kumburarren idonsa. Thady yana bakin taga, bai dubi matarsa ba, ita kuma ta fito da jaririn ta zauna a kan akwati. Sabina tana yanka burodi.

"To, faɗi mu ji," in ji Honor. "Shi ne ko ita?"

"Gwaggo Honor, in kika ƙara nuna ni da wannan yatsan," in ji Colman, "zan cije shi. Haƙorana dai lafiyarsu lau."

"Ba Colman ba ne," in ji Festy. "Mace ce ta sa takalmin Thady."

Honor ta tafa hannu. Thady ya rufe ido.

"Ban gama ba. Thady, Mogue nawa ne a jikin dutsen nan?"

"Ɗaya mana. Babana."

"Attracta?"

"Ni sau ɗaya na taɓa zuwa wurin. Ɗaya na gani."

"Biyu ne," in ji Festy. "Akwai na sama, akwai na ƙasa a cikin ciyawa. An rubuta, da ɗansa Mogue, jariri. Wanda kalmar ce ke masa ciwo, da ya sani da ya kankare biyun. Wanda bai sani ba kuwa, ba zai cire mayafinsa ya lulluɓe na ƙasan don kada tsakuwa ta faɗa masa ba. Mai aikin nan ba da sunan yake faɗa ba. Da mutum ɗaya ne."

Ba wanda ya yi motsi. Wuƙar burodin ce kawai ta ci gaba, ta gama yankan da ta fara, sannan Sabina ta ajiye ta.

"Ban zaci dutsen zai yi tauri haka ba," ta ce. "Sai da na huta sau da yawa."

"Inna," in ji Thady.

"Kana da ƙane. Kana ƙarami, ba ka tuna ba, ni kuma ban tuna maka ba. Ubanka ya dawo daga mashaya, yaron yana kuka, ya ce ya gaji da jin kuka a gidansa. Ya fitar da mu ya sa sakata. Ruwa ake yi. Kai kana barci a ciki. Na tafi da shi a cikin rigata har gidan Honor. Sanyin ya sauka masa a ƙirji."

Thady ya juya ga gwaggonsa. Honor tana kallon wuta.

"Ke kika buɗe mini ƙofa, Honor."

"Ya mutu, Sabina. Ba a tone wa matacce asiri."

"Ban tone ba. Na sa masa baƙi, na wanke masa dutse, na bar ɗansa yana cewa babana kaza, babana kaza. Ranar da aka haifi wannan, Thady ya ɗaga shi ya ce, ga Babana ya dawo. A ɗakin nan. Na ce to, zan yi ta kiran mutumin nan ya zo ya ci abinci har in mutu." Ta goge hannu a jikin rigarta. "Ban yi tunanin zai hana komai ba. Ban yi tunani ba ma. Na ga gidan ba kowa, na ɗauki guduma."

Attracta ta miƙe da yaron a kafaɗa. Muryarta ba ta ɗaga ba.

"Kina ji suna cin namana, Inna. Kina ji ɗanki ya ce zai raba ni da shi. Kika yi ta dafa shayi."

"Na ji."

"Da Lahadi ta zo fa?"

"Ban sani ba," in ji Sabina. "Ina so in ce da na tashi a coci na faɗa. Ban sani ba."

Colman ya buɗe baki, Festy ya dube shi, ya rufe.

Thady ya bar taga ya zo gaban matarsa. Ya tsaya kamar mai neman kalma a aljihu.

"Attracta, ni..."

"Ba yanzu ba," ta ce. "Za ka faɗa, kuma a bakin rijiya za ka faɗa, inda kowa zai ji. Amma ba yanzu ba."

"Me zan ce wa Fada?" in ji Festy.

"Ka ce masa ba sunan da zai kira," in ji Thady. "Dutsen gidanmu ne. In yana da tambaya ya zo wurina."

"To gobe fa?" in ji Honor. "Yaro dai ba zai je gaban Allah ba suna. Ɗan fari na kakansa ne, ba ni na ƙirƙiro ba."

Thady ya koma gefe. Ya zauna a kan benci ya riƙe kansa.

Attracta ta daɗe tana kallon surukarta. Ba kallon yafiya ba ne.

"Wanda ya mutu yana jariri, ai wanda ya biyo baya ne ke tashin sunansa," ta ce. "Haka ne, Festy?"

"Haka ne."

"An haifi wani namiji a gidan nan tun bayansa?"

"Sai wannan."

"To." Ta gyara wa yaron hula. "Har gobe sunan bai yi mini daɗi ba. Kuma ba zan sa wa ɗana na sama ba, ko Fada ne ya roƙe ni. In na ƙasan ne, Inna ce za ta ce. In ta ce a'a, a nemo wani, Gwaggo Honor ta yi ta kuka."

Sabina ta dubi hannuwanta. Akwai bororo a tafin daman, inda gudumar ta ci.

"Ba haka nake kiransa ba," ta ce. "Ban taɓa kiransa da sunan uban ba."

"Yaya kike kiransa?"

Bakin tsohuwar ya motsa sau biyu kafin sauti ya fito.

"Mogeen." Sunan lele ne, wato ƙaramin Mogue.

Attracta ta tako ta ɗora mata yaron a hannu, ta koma kan akwatinta. Sabina ta riƙe shi a sandare, kamar wadda aka ba kwanon da ya cika. Yaron ya yamutsa fuska zai yi kuka. Ta sunkuya ta sake faɗin sunan a hankali, kusa da kunnensa.

"Dutsen fa, Inna?" in ji Thady daga kan benci. "In kira mai sassaƙa?"

"A bar shi yadda yake," ta ce, ba ta ɗago ba.

Kawuna ya ɗauki hularsa. Ni ma bari in ajiye alƙalami in sulale ta ƙofar baya, tun duk idanunsu na kan yaron.